Gadin Jiya da Gadin Yau a Zangon Kumasi

An daina jin usur da dare a Zango. Ba wanda ya yi shelar an hana shi. A hankali dai ya janye daga kunnuwanmu har muka saba da rashinsa. A da, da zarar ƙafa ta ɗauke daga Alabar zuwa bakin Kejetia, dare ya koma hannun masu gadi ke nan. Wannan ya busa daga bakin kantin atamfa, wancan ya amsa daga rumfar masu goro, wani ya karɓe daga can wajen Akwatia Line. Mu yara muna kwance a kan tabarma, zafin kwano bai gama fita daga ɗaki ba, mu ji busar nan mu ƙara lafewa, don mun san akwai wanda idonsa biyu saboda mu.

Duk wanda ya taɓa wuce su da asuba a hanyar masallaci ba zai manta kamanninsu ba. Dattijo ne cikin tsohon kwat mai nauyi, ya naɗe kai saboda raɓa, kwari da baka a jingine da bango, tocila a cinya, guntun icce yana ci a hankali a gabansa yana tashin hayaƙi mai yaji. Butar shayinsa ta yi baƙi ƙirin, bakinsa ja wur da goro, carbi yana zagaya yatsunsa. Galibinsu daga arewa suka sauko, wasu daga ƙasar Mosi, wasu daga Zabarma, wasu daga ƙasar Hausa. Albashinsu bai taka kara ya karya ba, alhali abin da ke bayan ƙofar da suka jingina da ita ya isa ya sayi gidaje.

Yau ƙofofin ƙarfe ne masu naɗewa, ga kyamara a saman shago, ga samarin kamfanonin tsaro cikin inifom. Amma ba waɗannan kaɗai suka kori usur ba. Abin da ake gadin ne ya bar inda yake. Tun da MTN ta kawo MoMo, asusun kuɗi na waya, a 2009, kuɗin Zango ya fara ƙaura daga akwatin ƙarfe da ƙarƙashin katifa da lalitar da iyayenmu mata ke ɗaurawa a ƙugu, ya koma cikin waya. A 2018 aka haɗe hanyoyin kamfanonin, kuɗi ya riƙa tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. Mai koko, mai ƙosai, direban trotro, dillalin shanu, kowa jarinsa yana bayan 'yan lambobin sirri. Ɓarawo kuwa inda dukiya ta nufa, nan yake bi.

Wata uwa tamu a Aboabo, mai sayar da waake, ta ga wannan da idonta. Tana tsakiyar zuba wa masu saye abinci wayarta ta yi ƙara. Mai kiran ya fara da Twi, da ya ji sallamarta sai ya juya Hausa, ya ce daga kamfanin waya yake, za a rufe layin Hajiya yau ɗin nan idan ba a gyara rajista ba. Murya mai ladabi, ya gaishe ta, ya tambayi gida da yara. Ya ce saƙo zai shigo, ta danna lambarta kawai, shi zai ƙarasa sauran. Ta goge hannu da zane ta danna. Kuɗin adashin da ta kwasa a makon ne suka tafi. Da yamma da na je yi mata jaje ta ce: “Ɗana, ba a fasa mini ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba. Da hannuna na buɗe masa.”

Ba wauta ce ta ci ta ba. Mace ce da ke lissafin canjin mutum biyar a ka ba ta ɓata ko ɗaya. Da ladabi da tsoro da gaggawa aka kama ta, kuma da waɗannan ukun ake kama manajan banki ta hanyar imel. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuma wani lokaci a jikin na'ura take, wani lokaci a zuciyar mai riƙe da ita.

Wannan ne ya haifar da sabon gadi, wanda ake kira tsaron intanet. A 2018 Babban Bankin Ghana ya fitar da umarni ga bankuna kan tsaron bayanansu. A 2020 majalisa ta zartar da Dokar Tsaron Intanet mai lamba 1038, a 2021 aka kafa hukumar da ke aiwatar da ita, wadda ke karɓar ƙorafin jama'a ta lambar waya 292, kuma kowane Oktoba ake watan wayar da kai. Bankuna da kamfanonin waya da asibitoci da ma'aikatu duk suna neman masu tsare musu na'urori. Ƙungiyar ISC2 ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya tana da giɓin ma'aikata kusan miliyan 4.8 a wannan fanni. Labari ya iso Zango, ya shiga majalisun shayi na Asawase da Sawaba.

Ɗan yayata ne ya kawo mini shi har gida, bayan ya gama jarrabawar WASSCE. Ya ce: “Kawu, an ce wanda ya samu takardar tsaron intanet aiki ne ke nemansa. Wacce zan fara?” Na ce masa: “Kafin mu kai ga takarda, idan ka rubuta sunan shafi a wayarka ka danna, me ke faruwa kafin ya buɗe?” Ya yi shiru. Na ce: “Ka taɓa kwance kwamfuta ka ga cikinta?” Ya girgiza kai. Yaron nan yatsunsa sun fi nawa sauri a kan waya nesa ba kusa ba, yana da kaifin kai, amma zamaninsa ya miƙa masa na'ura a rufe, ba ko noti ɗaya da zai kwance.

Mu da muka ga farkon shekarun 2000 mun samu wata makaranta da ba a kira ta makaranta ba, wato kafe. Lokacin ana biyan kuɗi a yi kira a teburin waya ƙarƙashin lema, intanet kuwa sai a ɗaki mai ƙunci, fanka tana juya iska mai zafi, warin ƙura da na robar da ta ɗau zafi, allo mai ƙatuwar ƙeya, linzami mai ƙwallo a ciki wanda sai an cire an goge kafin ya yi tafiya. Agogo a kusurwar allo yana cinye mintunanka, shafi yana saukowa layi-layi. A kowane kafe akwai yaron da ke gyara: shi ke matse kan wayar sadarwa da filaya, shi ke sake ɗora Windows XP idan ƙwayar cuta ta kama na'ura, shi ya san dalilin da ya sa kwamfuta ta huɗu ba ta ganin firinta. Ba wanda ya koya masa da alli. Lalacewar kaya ce ta koya masa.

Kada dai a yi wa kafe kwalliyar da ba tasa ba. A irin ɗakunan nan ne, a Kumasi da Accra da sauran garuruwa, damfarar da ake kira sakawa ta yi fiffike. Samari masu basira suka kwana suna yaudarar mutanen da ba su taɓa gani ba, wasu suka sayi mota kafin su yi gemu, ƙannensu suka ɗauka wannan ne amfanin sanin kwamfuta. Har yau akwai uban da ke kallon laftof ɗin ɗansa da zargi, kuma ba a banza zargin ya samo asali ba. Wayar hannu ta rufe kafe, ta kai intanet har ɗakin tsohuwa, wannan ci gaba ne. Sai dai ta tafi da yaron gyara, ta bar mana masu latsawa da yawa, masu sanin ciki kaɗan.

Abin da na ba ɗan yayata amsa da shi daga wurin tsofaffin masu gadi na ɗauko shi. Idan aka kawo musu sabon shiga, ba sa miƙa masa baka a daren farko. Tocila ake ba shi, ya bi bayan dattijo, su zagaya. Ya taɓa kowane kwaɗo da hannu, ya san ƙofar da ke da sakata biyu da tagar da katakonta ya ruɓe, ya san lungun da ke ɓullewa bayan kanti, ya san mai shagon da kan dawo da dare ɗaukar mantuwa, ya san haushin karen da ya ga kyanwa da na wanda ya ga mutum. Wani dattijo a cikinsu yakan ce wanda bai san muryar dare mai lafiya ba, ba zai gane ranar da dare ya canza murya ba. Tsaron intanet ma haka yake: ba ka tsare abin da ba ka san yadda yake aiki ba.

Saboda haka matakin farko shi ne ita kanta na'urar. Mai koyo ya san abin da ke cikinta da aikin kowane sashe, ya san manhajar da ke tafiyar da ita. Windows ce ke kan teburin mafi yawan ofisoshi, Linux kuwa ita ke riƙe da galibin manyan na'urorin da shafukan intanet ke zaune a kansu, don haka dole ya iya duka biyun. Ya saba da baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai ba tare da linzami ba. Ya iya buɗe wa mutum asusu, ya ba shi izinin karanta wannan fayil ya hana shi wancan, ya iya karanta rajistar da na'ura ke rubutawa game da wanda ya shiga da lokacin da ya shiga.

Mataki na biyu shi ne sadarwa, kuma nan ne mafi yawan masu gaggawa ke tsallakewa su faɗi daga baya. Kowace na'ura tana da adireshi na lambobi da ake kira IP. Akwai DNS, wanda ke mayar da sunan shafi ya zama wannan adireshi. Akwai rauta, mai nuna wa saƙo hanya. Saƙon kansa ba a dunƙule yake tafiya ba, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, a sake haɗa shi idan ya isa. Kowace na'ura kuma tana da ƙofofin shiga sama da 65,000, kowacce da lambarta: 80 ta shafin da ba a lulluɓe bayanansa ba, 443 ta wanda aka lulluɓe, 22 ta shiga na'ura daga nesa, 53 ta DNS. Wanda ya riƙe waɗannan ya fara ganin abin da mai kutse ke gani.

Wannan karatu ba ya shiga ta ido kaɗai, sai da hannu. Ni da ɗan yayata muka samo tsohuwar laftof a shagunan Adum, ya ɗora mata VirtualBox, wanda kyauta ne, ya gina wasu kwamfutoci biyu a cikinta, ɗaya Ubuntu ɗaya Kali Linux. Ya kafa ɗan shafin gwaji a ɗayar, ya buɗe Wireshark a ɗayar, manhajar da ke nuna duk abin da ke wucewa ta hanyar sadarwa. Layuka masu launi suka riƙa gangarowa, ba ya fahimtar ko ɗaya. Ya rubuta suna da kalmar sirri a shafin gwajin, ya tace layukan ya bar na ƙofa ta 80, ya danna ɗaya. Sai ga kalmar sirrinsa a fili, harafi bayan harafi. Ya ɗago kai ya ce: “Kawu, ashe haka take tafiya tsirara?” Abin da ya gane a wannan minti, da an yi masa lacca wata guda ba lalle ya zauna masa haka ba.

Daga nan sai wuraren atisaye da aka gina musamman don a yi musu kutse da izini: wasan Bandit na OverTheWire don sabawa da Linux, TryHackMe, da picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon. Sai ɗan Python, yaren rubuta manhaja, gwargwadon abin da zai sa na'ura ta yi masa aikin maimaici. Sai Turanci, domin da shi aka rubuta littattafan da jarrabawar, da kuma iya rubuta rahoto, domin wanda ya gano ɓaraka ya kasa bayyana wa shugaban ofis ita bai gama aikinsa ba. Duk wannan abu uku yake karewa: kada bayani ya faɗa hannun wanda bai kamata ba, kada a sauya shi a ɓoye, kada a rasa shi lokacin da ake buƙata. A Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Ba gwanintar mai kutse ce ta yi yawa ba, aikin yau da kullum ne aka bari.

Idan tushe ya kafu, sai a zo maganar takarda. Kamfanin CompTIA na Amurka yana da tsani mai hawa uku da aka sani a duniya: A+ don na'ura, Network+ don sadarwa, Security+ don tsaro. Security+ ita ce aka fi ambata a tallan aikin masu farawa. Tambayoyinta ba sa wuce 90 cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 daga 900, tana aiki shekara uku kafin a sabunta, kuɗinta kuma a 2024 wajen dala 400 ne. Wanda ya fi son zurfi a sadarwa yana iya ɗaukar CCNA ta Cisco. A 2022 ISC2 ta fito da takardar CC don wanda bai taɓa aiki ba, a 2023 Google ta buɗe nata kwas ɗin a Coursera, inda marar hali ke iya neman tallafi, ita ma makarantar Cisco ta intanet tana da darussan farko na kyauta. A gida kuma akwai KNUST da Jami'ar Fasaha ta Kumasi ga mai son digiri ko difloma, akwai cibiyar Kofi Annan a Accra, akwai shirin gwamnati na horar da matasa miliyan ɗaya da aka ƙaddamar a 2025, wanda tsaron intanet yana cikin darussansa.

Tarkuna biyu ke kan wannan hanya. Na farko hangen Dala: yaro ya ji sunan CISSP ya ce ita yake so, bai san sai da shekara biyar ta aiki ake ba da ita ba, ko ya ji OSCP, wadda ake kwana ana kutsen gwaji na kusan awa 24, alhali bai iya baƙin allo ba. Na biyu haddar tambayoyin da aka sato ana sayarwa a WhatsApp. Mai yin haka yana iya cin jarrabawa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: za a zaunar da shi gaban kwamfuta a ce ya nuna dalilin da ya sa wannan na'ura ke aika saƙo ƙasar waje da tsakar dare, takarda kuwa ba ta magana.

Ya kamata kuma a faɗa wa matasa gaskiya game da giɓin miliyoyin nan. Galibin guraben masu gogewa ake nema. Aikin farko sau da yawa ba shi da sunan tsaro ko kaɗan: gyara wa ma'aikata kwamfuta ne, sake musu kalmar sirri, jan waya a rufin ofis, ko shekarar bautar ƙasa a sashen kwamfuta na wata ma'aikata. Daga nan ake shiga ɗakin sa ido, inda ake karɓa-karɓa dare da rana ana duba faɗakarwar da na'ura ke turowa, mafi yawanta ƙarya, ɗaya tak a ciki gaskiya. Wanda ya raina aikin farko ba zai iya na biyu ba.

Duk wannan zancen takarda yakan sa in tuna yadda Zango ke shaidar mutum a da. Fataucin goro ne ya kafa mu a nan. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawa Kumasi a 1896, fatake suka yi ta sauka, kowanne a hannun maigidansa. Maigida ke ba baƙo masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya samo masa dillali, ya tsaya masa idan ya ci bashi. Ba rasit, ba sa hannu. Idan ana neman mai gadi, maigida ya ce “yarona ne”, magana ta ƙare, domin sunansa ya jingina. A makaranta ma haka: daga babbaƙu zuwa farfaru har a kai sauka, malam ne ke cewa yaro ya isa ya ci gaba. A karatun ilimi kuwa a tambaye ka wurin wa ka yi, shi kuma wurin wa ya yi, wasu har silsilarsu ta kai ga Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934. A Suame Magazine, unguwar makanikai, uba yakan kai ɗansa wurin masta da goro da ɗan abin hannu. Yaro ya shekara yana wanke noti da fetur yana miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa inji, ranar da aka yaye shi a yi addu'a, masta ya faɗa gaban jama'a cewa ya iya.

Wannan tsari yana da abin da babu jarrabawar da ta mallaka: yana auna hali tare da iyawa. Wanda ya zauna da kai shekaru ya san ko hannunka yana da ƙaiƙayi. Amma wanda ya ce tsarin ba shi da aibi bai yi zama a ƙarƙashinsa ba. Akwai mastan da ke ɓoye asirin sana'a don kada yaro ya kere shi, akwai wanda ya mayar da ɗan koyo ɗan aiken gida, akwai dukan da ya wuce horo. Wanda ba shi da maigida ba shi da mai tsaya masa, ko da ya fi kowa hazaƙa. 'Ya mace kuwa ba ta cikin lissafin yawancin sana'o'in tun farko.

Sannan tarihi ya koya mana darajar takarda da bulala mai zafi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Iyayenmu suna ba da labarin manyan motoci cike da mutanen da suka haihu a nan suka yi jikoki a nan, an sayar da gida da kanti a wulaƙance. Kowa a unguwa ya san su, amma sanin unguwa bai tsayar da mota ba. Jinkirin da muka yi wajen shiga boko, saboda tsoron makarantun mishan, shi ma ya bar mu a baya. Sai da aka kafa sashen ilimin Islamiyya a hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, aka kuma mayar da sakandare kyauta a 2017, ƙofar ta ƙara buɗewa. Don haka idan na ga yarinya daga Sabon Zango ta zauna jarrabawa iri ɗaya da wadda ake yi a Landan da Dubai, na'ura ce ke ba da maki, ba ta tambayar ɗiyar wa ce ko daga wace unguwa ta fito, na san mun samu abin da kakanninmu ba su samu ba.

Abin da muka rasa shi ne mutum a kusa. Ɗan koyon yau shi kaɗai ne a ɗaki da bidiyo, data tana ƙarewa, wuta tana ɗaukewa, ba masta da zai leƙo ya ce ba haka ake riƙewa ba. Kuɗin jarrabawa da dala ake yanke shi, uban yaro kuwa da sidi yake samu. Mafi girma, takarda tana shaida cewa ka sani, ba ta shaida cewa kai amintacce ne. Ilimin da ake tsare asusu da shi, da shi ake kwashe shi; manhajar binciken ƙofofin na'ura da ke hannun mai tsaro ita ce a hannun ɓarawo. Abin da ya raba su izini ne da amana. Shiga na'urar wani ba da yardarsa ba laifi ne a dokar Ghana tun Dokar Mu'amalar Lantarki ta 2008, ko da mai shigar ya ce gwaji yake yi. Daga 2023 kuma Hukumar Tsaron Intanet ta fara ba kamfanoni lasisi tana tantance ƙwararru, don a san wanda aka miƙa wa mabuɗi. Hukuma ke nan take ƙoƙarin yin aikin da maigida ke yi da baki, amma hukuma ba ta san yaro tun yana rarrafe ba. Mu muka san shi.

Ba sai mun zaɓi ɗaya mun bar ɗaya ba. Zango tana da kayan aikin da wasu unguwanni ba su da shi. Yaranmu suna tashi da Hausa da Twi da Turanci, wasu da Faransanci ko Larabci, kuma da waɗannan harsunan ake damfarar mutanenmu, da su za a wayar musu da kai. Muna da adashi, muna da kwamitocin masallaci, muna da ƙungiyoyin samari, muna da 'yan uwa a Jamus da Amurka da Saudiyya. Abin da ya rage shi ne mu juya su wajen wannan sana'a.

Iyaye, idan kun ga yaro ya daɗe gaban kwamfuta, ku zauna kusa da shi ku ce ya nuna muku abin da yake koyo. Mai gaskiya zai yi murna, marar gaskiya zai rufe allo. Kada ku ware 'yan mata, aikin nan ba ƙarfin damtse yake so ba. Attajiranmu da Asusun Raya Zango, ɗaki ɗaya mai kwamfuta goma da wutar sola da intanet, tare da biyan kuɗin jarrabawar wanda ya nuna ya shirya, zai sauya rayuwar gidaje da yawa. Waɗanda Allah Ya ɗaga suka samu aiki a banki ko kamfanin waya, kowannenku ya ɗauki ɗan koyo ko biyu, ya duba aikinsu, ya tsaya musu da sunansa ranar neman aiki.

Ku kuma matasa, ku fara daga na'ura, ku bi da sadarwa, ku yi atisaye har hannu ya faɗa, sannan ku nemi takarda ɗaya da ta dace da matakinku. Kada ku raina ƙaramin aiki, kada ku taɓa na'urar da ba a ba ku izini ba, ko da ƙofarta a buɗe take. Wanda ya sani ya koyar, wanda yake da hali ya biya, wanda ke koyo ya riƙe amana. Allah Ya yi mana jagora.